Kwaɗon da yara suka tsinta a Hanwa: a riƙe shi ko a sake shi?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani su taimaka min da shawara. Ana sharar fili a bayan gidanmu nan Hanwa a Zariya za a fara gini, leburori suka sare bishiyoyi da ciyayin da ke bakin ɗan kududdufin wurin. Yaran unguwa suka ga wani kwaɗo a cikin ganyen suka hau jifansa, Ummi ta ƙwace shi ta kawo min a gwangwanin madara tana kuka. Ba irin kwaɗon da muka saba gani a gindin randa ba ne. Jikinsa sumul, launin ƙasa-ƙasa da zane mai duhu a gadon baya, idanunsa manya sun fito waje, kuma a ƙarshen kowane yatsa akwai ɗan faifai. Yana hawa jikin bokitin roba a tsaye ba ya zamewa. Ƙafarsa ta baya ta ji rauni, fatar ta saluɓe, jan ta yake yi. Ummi ta kafe sai dai mu riƙe shi ya zama namu, ni ma gaskiya ya shiga raina. Me zan ba shi ya ci? Kuma ya halatta in ajiye shi a gida?

Kawu na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fitar da shi tun kafin magariba. Iyayenmu sun ce ba kowane kwaɗo da ya shigo gida ne kwaɗo ba. Ga ki da ƙananan yara.

Alaramma: Kawu, Allah ya ƙara girma, wannan ai ba shigowa ya yi ba, ɗauko shi aka yi daga hannun masu jifa. Halittar Allah ce da ta ji ciwo. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani likita ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da kwaɗo da yake son sa wa a magani, sai ya hana shi kashe shi. Don haka abin da yarinyar nan ta yi alheri ne, Allah ya yi mata albarka. Batun ajiyewa kuwa, malamai sun kafa hujja da hadisin Abu Umair, ƙanen Anas, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi kuma ba a hana shi ba. Amma a ɗaya gefen akwai hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ke nan Hajiya, halaccin yana rataye da abu ɗaya: za ki iya ba shi haƙƙinsa? Amsar wannan tana wurin masana dabbobi, ba wurina ba.

Malamin Bayoloji: Allah ya gafarta Malam, ka sauƙaƙa mana. Hajiya, kafin komai ki haska idonsa da tocila daga gefe, kar ki dalle shi kai tsaye. Baƙin tsakiyar idon a tsaye yake ko a kwance? Kuma girmansa kamar yaya?

Maman Ummi: Na duba Malam. A tsaye yake kamar na kyanwa. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana manuni ba, zai yi gaɓa biyu.

Malamin Bayoloji: To madalla. Bisa wannan siffa, mafi kusa shi ne kwaɗon bishiya na ƙasar savana wanda masana ke kira Leptopelis viridis. Ana samunsa tun daga Senegal har zuwa arewacin Kongo, kuma mu nan Zazzau muna tsakiyar yankinsa. Namiji kan kai kusan santimita 3 da rabi, mace ta ɗan fi, tana kusan kai 5. Da damina yakan hau ƙananan bishiyoyi da dogayen ciyayi kusa da ruwa yana kuka da dare. Faifan yatsun nan da kika gani su ne ke riƙe shi a jikin ganye.

Yanzu abin gaggawa. Ki fitar da shi daga gwangwanin, bakinsa na iya ƙara yanka shi. Ki samo bokiti ko babbar roba wadda ba a taɓa jiƙa wanki ko zuba kananzir a ciki ba. Ki shimfiɗa farin tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sama ko na rijiya, ki sa murfin kwalba mai faɗi da ruwa kaɗan wanda ba zai rufe kansa ba, da ɗan reshe mai ganye. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Zama yake yi a cikin ruwan, fatar cikinsa da ta cinyoyinsa ta tsotse shi, kuma wani ɓangare na numfashinsa ma ta fata yake yi. Duk abin da ya taɓa fatar nan ya shiga jininsa ke nan. Shi ya sa ruwan famfo mai kulorin sai ya kwana a buɗe, kwana ɗaya ko biyu, kafin a ba shi.

Anti Nas: Ni ma'aikaciyar jinya ce, sai na ji hannuna yana ƙaiƙayin a wanke raunin da Dettol a shafa aidin. Ko kuwa?

Malamin Bayoloji: A'a Anti, don Allah kar a yi. A Ostareliya da Dettol mutane suka riƙa kashe manyan kwaɗin da suka addabe su, fesawa kawai suke yi ya bi ta fata. Haka sifirit, haka man zafi, haka basilin. A ɗauraye raunin da ruwa mai tsabta kawai a ƙyale shi. Fatar kwaɗo tana saurin warkewa in wurin da yake ba datti, sai dai a riƙa canja tsumman kullum. In ƙashi ne ya karye ya fito, ko ƙafar ta kumbura ta yi ja, to sai a kai shi asibitin koyarwa na likitocin dabbobi da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Anti Nas: Na gode da gyara. To nawa ɓangaren: kwaɗi da ƙadangaru da kunkuru suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, ko da su kansu lafiyarsu lau. Duk wanda ya taɓa shi ko bokitinsa ya wanke hannu da sabulu, kar a wanke bokitin a inda ake wanke-wanke, kuma yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kar ya taɓa sam. Zancen da ake yi cewa fitsarin kwaɗo na sa ƙuraje masu tsiro a hannu ba haka ba ne, ƙwayar cutar bairos ce ta mutane ke kawo su.

Maman Ummi: Na mai da shi bokiti. Na yanko guntun gidan sauro zan rufe bakin da shi don iska ta shiga.

Ɗalibar Samaru: Yaya tsaya! In irin gidan sauron da ake rabawa ne, akwai maganin ƙwari a jikin zarensa, kuma kwaɗon bishiya sama yake hawa, a jikin murfin zai kwana. Ki sa tsohon mayafi shara-shara da aka ɗauraye sosai ba sabulu a jiki, ki ɗaure da roba. Sannan kar bokitin ya kwana a ɗakin da ake kunna maganin sauro ko zuba fiya-fiya, har da turaren wuta. In za ki ɗauke shi, ki wanke hannu ki ɗauraye humra da man shafawa tas, ki bar hannun a jiƙe. Mafi kyau ma a rage ɗaukarsa.

Maman Ummi: Subhanallahi, Allah ya saka ƙanwata. Na canja. Abinci fa? Ummi ta sa masa ɓarɓashin biredi da ɗan kifi bai kula ba.

Ɗalibar Samaru: Ba zai kula ba Yaya, sai abin da ke motsi yake kamawa. Gyare ƙanana, 'yan fara, ƙuda, da ƙwarin da ke taruwa a ƙwan fitila da dare. Ƙa'idar ita ce kar ƙwaron ya fi faɗin tsakanin idanunsa biyu. A sa masa biyu ko uku bayan isha'i a kashe fitila, da safe a cire wanda bai ci ba, don gyare yana iya cizon raunin. Kar a ba shi kyankyason da aka tsinta yana magagi a ɗaki, mai yiwuwa magani ya sha. In ya yi kwanaki bai ci ba kar hankalinki ya tashi, firgici ne. Ki sa Ummi ta lura in ya haɗiye abu, za ta ga idanunsa sun nutse ciki, da su yake taimaka wa kansa tura abincin.

Abban Sadiq: Ni fa ina bayan Ummi. Ku dubi lamarin da idon basira. Gidan kwaɗon nan an rushe, kududdufin nan da wata biyu an cike shi da ƙasa an ɗora tubali. A waje maciji na jiransa, balbela na jiransa, ga yara da duwatsu, ga ƙafa ba lafiya. A gida kuwa ga inuwa ga abinci ga mai son sa. A Turai da Amurka mutane na ajiye kwaɗin bishiya a akwatin gilashi shekara da shekaru. Mu kullum sai mu ce 'ya'yanmu ba sa son kimiyya, ga yarinya ta nuna sha'awa da tausayi, sai kuma mu ce ta yar? Da yaran da suka jefe shi sun taɓa rainon wani abu mai rai da ba su jefe shi ba.

Hajiya Babba: Maganar Abban Sadiq ta ƙarshe gaskiya ce. Yaran yanzu ba su san komai na daji ba. Mu da muka tashi a cikin birni, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan kududdufai ne ko'ina, ramukan da aka haƙi ƙasar gini. In ruwan farko ya sauka ba ka jin maganar na kusa da kai don kukan kwaɗi. Yanzu akasari an cike an yi gidaje da shaguna, ragowar kuma sun zama juji.

Malamin Bayoloji: Abban Sadiq, na fahimce ka kuma niyyarka mai kyau ce, amma ban yarda ba, bari in faɗi dalili. Waɗanda ake ajiyewa a Turai galibi a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Wanda ya fi shahara ɗan asalin Ostareliya ne da Niyu Gini, kore mai jiki, yana iya wuce shekara 15 a akwati. Can akwai kantin da za ka je ka sayi gyare mai rai duk mako, da garin kalsiyam da ake barbaɗa wa ƙwarin, da fitila ta musamman, da na'urar auna laima. In babu kalsiyam ɗin, a hankali ƙashin kwaɗon ke laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe, ƙafafu su karkace, ya kasa kama abinci. Ba ya kuka ba ya nuna alama, sai dai a wayi gari a ga ya rame.

Sannan ka tuna ina muke a shekara. Muna ƙarshen Satumba. Ruwan Zariya yakan ɗauke a cikin Oktoba, daga Nuwamba hunturu ya kama, laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Leɓenka da kake shafa wa mai ma tsagewa yake yi, balle dabbar da ke numfashi da jiƙaƙƙiyar fata. A Janairu ina Hajiya za ta samo gyare kullum? Shi kuwa wannan kwaɗon Allah ya riga ya shirya masa mafita. In damina ta ƙare sauka yake yi daga bishiya ya tona ƙasa mai danshi ya binne kansa, jikinsa ya rage aiki, ya rayu da kitsen da ya tara har ruwa ya dawo. Ke nan makonnin nan da muke ciki su ne lokacin da yake cika cikinsa yana neman inda zai shiga, tun ƙasa tana da taushi. In aka riƙe shi har ƙasa ta bushe ta yi tauri sannan aka gaji aka sake shi, an kashe shi ne da hannu biyu. Abin da nake tsoro ke nan, domin yawanci haka ake yi: a riƙe da ɗoki wata ɗaya, ɗokin ya wuce a daidai lokacin da sakin ba shi da amfani.

Abban Sadiq: To a cika masa bokitin da ƙasa mana, ya binne kansa a gida. Ai ba sai a daji ake samun ƙasa ba.

Ɗalibar Samaru: Yaya Abban Sadiq, a ƙa'ida ana iya yi, masu bincike na yi. Amma ƙasar bokiti ba ta riƙe danshi da sanyi yadda ƙasar fadama ke yi. Ta bushe ya mutu, an cika ruwa ya ruɓe, kuma ba ka ganinsa balle ka san halin da yake ciki. Wata 6 Ummi za ta yi tana kallon bokitin ƙasa. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne girman da Maman Ummi ta faɗa, zai iya zama mace. Irin wannan a cikin ƙasa kusa da ruwa suke binne ƙwai, in ruwan sama ya yi ƙarfi 'ya'yan su fito su gangara cikin kududdufi. Mace ɗaya da aka cire daga daji, an cire duk zuriyar da za ta yi baɗi. Babban ƙiyasin da aka wallafa a 2023 ya nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'in kwaɗi da danginsu a duniya suna fuskantar barazanar ƙarewa, sun fi tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa shiga haɗari. Wannan nau'in dai ba ya cikin waɗanda ake fargaba a kansu, gaskiya yana da yawa, amma a unguwa irin Hanwa da gini ke cinye fili, kowace ɗaya tana da lissafi.

Ɗan Fadama: Ni manomi ne, shinkafa da masara da damina, kayan lambu da rani. Abin da Hajiya Babba ta faɗa haka yake har a gona. Wanda duk ke noma a bakin kogin Galma ko na Kubanni ya san kukan kwaɗi ya ragu. Yanzu kowa maganin ciyawa yake fesawa, ba mai son biyan kuɗin noma, kuma da yawa in sun gama a bakin rafi suke wanke injin feshin. Na sha ganin 'ya'yan kwaɗi masu wutsiya sun taso saman ruwa fari fat washegarin feshi. Ga kuma masu kama burduddugi da dare da fitila, a busar a ɗura a buhu a yi Kudu da su. Mu ne kuma ke kukan tsutsa da fara sun yi yawa.

Baban Khalil: Tambaya: yana cin sauro? In yana ci ai gara a bar shi a ɗaki ya yi mana aiki.

Malamin Bayoloji: Yakan ci in ya samu, amma sauro ɗan mitsitsi ne, ya fi son ƙwaro mai tsoka. Kwaɗo ɗaya ba zai hana kowa zazzaɓin cizon sauro ba, a ci gaba da shiga gidan sauro. Amfaninsu na gaske a gona yake, inda suke da yawa.

Ɗan Fadama, tunda kana bakin ruwa, akwai wani ɗan ƙarami da za ka sani, bai wuce santimita 3 ba, baƙin idonsa a kwance. Shi ba ya binne kansa. 'Ya'yan da aka haifa ƙarshen damina suna manne a jikin busasshiyar ciyawa cikin rana tsawon rani, su naɗe ƙafafu a ƙarƙashin ciki, fatarsu ta koma fara tas tana mai da hasken rana. Masana daga Jamus sun daɗe suna nazarinsa a gandun dajin Komowe na ƙasar Kwaddibuwa. Ƙunar daji ita ce ajalinsu.

Ɗan Fadama: Wallahi na san shi! A jikin gamba nake ganinsu da rani, fari ƙal, na ɗauka ma mushe ne ya bushe. Ashe da ransa. To in sha Allahu bana zan bar ciyawar bakin rafin ba zan sa mata wuta ba.

Kawu na Tudun Wada: To ni dai na ji bayanin malamai, na janye maganata ta farko. Amma kun ga ƙarshenta dai fitar da shi za a yi.

Alaramma: Haka ne Kawu, sai dai bayan an yi masa jinya. Baban Khalil ya tambaye ni ta gefe hukuncin cin burduddugi, bari in amsa a nan kowa ya amfana: malamai sun saɓa. Malikiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanabila sun hana saboda hadisin da na ambata. Kisa don wasa kuwa, irin na yaran nan, babu wanda ya halatta. Iyayen unguwar su ja musu kunne.

Maman Ummi: Na karanta wa Ummi duk abin da aka rubuta. Ta yi shiru, sannan ta ce to in an sake shi ina zai je, ai an sare bishiyarsa. Ni ma tambayar da ke raina ke nan. Kar in kai shi inda zai fi wahala.

Ɗalibar Samaru: Tambayar tana da kyau. Asali a mai da dabba inda aka same ta, ko mafi kusa. Dalili biyu ne: ta san wurin, kuma kar a ɗauki cuta daga wani ruwa a kai wani. Akwai wata cutar fangas da ke cin fatar kwaɗi, an gano ta a 1998, kuma binciken da ya fito a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501, daga ciki ana jin 90 sun ƙare ƙurmus. An same ta a tsaunukan Kamaru maƙwabtanmu. Yawo da kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa ne ya yaɗa ta. Shi ya sa da a cikin lodin ayaba daga Kudu aka tsince shi a kasuwar Sabon Gari, da ba zan ce a sake shi a nan ba sam, sai dai a kai Sashen Nazarin Dabbobi na jami'a. Naki ɗan gida ne, ba a kuma haɗa shi da wata dabba ba, don haka ba matsala. A nemi wuri a yankin Kubanni mai ƙananan bishiyoyi da ciyawa, ƙasa mai taushi, ruwan da ke kwanciya da damina, ba kwata ba, ba kuma cikin gonar da ake feshi ba. Kar a jefa shi cikin dam ko tsakiyar rafi, ba kwaɗon ruwa ba ne. A kan reshe za a ɗora shi.

Abban Sadiq: Ni har yanzu ina ganin da an dage za a iya riƙe shi. Amma tunda ba ni zan riƙa farautar gyare da hunturu ba, na bar wa mai ɗawainiya. Roƙona ɗaya, a tafi da Ummi, ita ta buɗe bokitin da hannunta.

Maman Ummi: Da ita za a je in sha Allahu, har yaran da suka yi jifan zan roƙi iyayensu su ba ni biyu daga ciki. Malam, yaya zan gane ya isa saki?

Malamin Bayoloji: Alama uku: raunin ya rufe ba ja ba kumburi, yana naɗe ƙafar a jikinsa in ya zauna maimakon ya bar ta a miƙe, kuma yana tsalle ya kama reshe. Ko yatsa ɗaya ya rasa zai rayu. Sau da yawa mako ɗaya zuwa biyu ya isa. Kar dai a wuce tsakiyar Oktoba. In lokacin ya yi ƙafar ba ta aiki sam, ki dawo nan mu yi magana, don wannan shi ne yanayin da riƙewa ke da hujja, kuma sai da taimakon likitan dabbobi. A zaɓi yammacin da aka yi ruwa, bayan magariba.

Ɗan Fadama: Hajiya, ina da gona wajen Bomo, ƙasanta akwai wani lungu mai kalgo da gamba da ba na nomawa, feshi ba ya kai wa can, ruwa na kwanciya har Nuwamba. In Malam ya ga bai yi nisa ba, ku zo.

Malamin Bayoloji: Bai yi ba, yanki ɗaya ne. A hanya a sa bokitin a ƙasan mota, kar a sa a but, zafi zai yi masa yawa.

Ɗan Fadama: To shi ke nan. Ku sanar da ni da rana in jira ku a bakin titi. A sa wa yaran takalmi rufaffe saboda taɓo da macizai, kowa kuma ya riƙo tocilarsa.